Minti Ukun Royce Tillery

…kore ne. Ko daga nan layi na huɗu ina ganinsa, kore ne. A duk gundumar nan ba mai gyara ɗaurin littafi da koren salatif sai ni, bisa kuskure na saye shi shekarun baya, na ƙi zubarwa. Ke nan ba a kanti ya sayo wannan ba. Ba irin wanda suke raba wa juna a coci ba ne, mai shafuka a naɗe. Namu ne. Na laburaren makarantarmu. Shi ne wanda na miƙa wa 'yarsa da hannuna.

Zauna daidai, Nadine. Hannu a kan cinya. Kar ki taɓa wuyanki. Kin san in kin tsorata wuya kike taɓawa, kuma rabin mutanen zauren nan sun san ki tun kina firamare.

Royce Tillery yana gyara abin magana, ya yi masa gajere. Rigar coci ya sa, ranar Talata. A bango agogo ya nuna minti uku da jan rubutu, bai fara tafiya ba tukuna, sai ya faɗi sunansa da unguwarsu. Kowa minti uku, haka taron hukumar makarantu yake. A da wa ke zuwa? Tsoho ɗaya mai ƙorafin motar makaranta ba ta tsayawa a ƙofar gidansa, da ni, da mai shara yana jiran mu tashi. Yau har daga ɗakin cin abinci aka kwaso kujeru. Na'urar sanyi tana ta gurnani, ba ta iya komai da wannan taron jikin. A waje hadari ya haɗu ta wajen teku, tun azahar yake tsaye, ya ƙi zuba, ya ƙi wucewa.

Ina take? Kar ki waiwaya. Kin riga kin gan ta lokacin da kika shigo — layin ƙarshe, kusa da ƙofa, cikin matasan cocinsu, an ba ta kwali ta riƙe. A KARE YARANMU. Kinsey, 'yar Royce, shekara sha shida, tana riƙe da shi a kife a kan gwiwa.

Ya fara.

Na san shafin. Tun kafin ya gama layin farko na san shafin, na karanta littafin da fensir a hannu kamar yadda nake karanta kowanne yanzu, ina farautar abin da za su farauta. 'Yan mata biyu a ƙarƙashin gada, ruwa ya tsare su. Royce yana jan kalmomin kamar mai ciro gashi daga cikin abinci. Ba don ya karanta ya zo ba, don a tsayar da shi ya zo. Duk sun san dabarar: in shugabar taro ta katse ka saboda abin da kake karantawa ya fi ƙarfin kunnen jama'a, to littafin ya bar makaranta ke nan, ba sai an kafa kwamiti ba. Shi ya sa suke zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da sakin layinsa, ido a kan 'yar gudumar katakon shugabar, Misis Verna Hutto. Yau ta ture gudumar can gefe, bayan kofin ruwa. Lauyan hukuma ya ja mata kunne. Ta haɗa yatsunta, tana kallon rufi.

"Ga ta can a zaune, kamar ba ita ba." Daga bayana. Muryar mace, na san ta, na koya wa ɗanta neman littafi a laburare. Wata ta amsa, "Wai malamar karatu. Karatun me?" Dariya ƙasa-ƙasa.

Farfesa. Haka Royce yake ce mini tun muna aji ɗaya, yana zaune a bayana yana zungurar kujerata da ƙafa. Farfesa, ɗan matsar da hannunki in ga amsar lamba ta bakwai. Bayan babbar guguwar nan, da iska ta yaye rabin rufin gidan Mama, wa ya hau da tsani tun kafin a dawo da wuta? Yini ya yi yana buga ƙusa a rana. Ya ƙi karɓar komai sai shayi mai ƙanƙara, yana sha yana cewa, "Farfesa, duk littattafan nan naki ba wanda ya koya miki riƙe guduma?" Wannan mutumin ne. Shi ɗin ne dai. Shi ya koyi kitso bayan rasuwar matarsa, yarinyar ta zo makaranta da kai a karkace har tsawon shekara guda…

Kuma shi ne ya tuƙa ɗan ƙanensa ya tsallaka da shi jihar Alabama, gidan nan da suke cewa na gyaran hali, da aka kama yaron da saƙonnin wani yaro a waya. Da kansa ya tuƙa, don uban ya kasa. Yaron ya dawo bayan damina. Yana gaisuwa, yana cewa na gode. Ba ya kallon idon kowa. Ya shigo laburare sau ɗaya, ya tsaya a tsakiya kamar wanda ya manta abin da ake yi a wurin, ya fita.

Kinsey, kin san wannan. A gidanku aka yi shawarar. Me ya sa kika bar shi a mota? A ƙarƙashin kujera? Ko ba ki bari ba… ko nema ya yi?

Agusta ce, makon da aka dawo hutu. Kantoci a rufe da takarda ruwan ƙasa, kamar gidan da aka yi rasuwa aka lulluɓe madubai. Duk littafin da wani ya yi ƙorafi a kai na kwashe shi a keken turawa na kai ɗakin baya, sai na duba, sai na sa hannu. Ni ce mai dubawa. Sunana ne a ƙasa, lasisina ne a kai. Ba na gaggawa, ban taɓa yi ba. Littafi ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma sabuwar ƙa'ida — duk abin da yaro ya ara, da na'ura ta haska shi da jan haskenta, saƙo ya tafi wayar uwa ko uba. Yaran suka daina ara. A tsaye suke karatu tsakanin kantoci, rabin babi yau, rabi gobe, su mayar su sa alama da tsinken gashi.

Kinsey ta zo ana cin abincin rana, ba kowa.

"Malama Corliss, wancan mai hoton gadar… ina ya shiga?"

"Ana duba shi."

"Wa ke dubawa?"

"Ni."

"To ai kin gama, na san ki." Ta yi dariya, dariyar ba ta kai ido ba. Tana murza igiyar jakarta. "Kaɗan ya rage mini. So nake kawai in san ko ta mutu. A irin waɗannan kullum sai an kashe ɗaya."

"Ba ta mutu ba."

Yadda ta kalle ni. Ya Allah, yadda ta kalle ni. Kamar na ce mata sakamakon asibiti ya fito lafiya.

Ban tambaye ta komai ba. Ba a tambaya. Abin da aka fara koya mini ke nan a wannan aikin: ba ka tambayar mutum dalilin da ya sa yake son littafi, ba ka kuma gaya wa wani abin da ya karanta. Na shiga ɗakin baya na ɗauko. Shekara ashirin ba littafin da ya taɓa fita ta ƙofar nan bai bi ta na'ura ba, ranar na kewaye ta. Na yi tunanin komai, ni mai tsari. Na kashe fitilar teburin. Na ce ta sa shi cikin jakar kayan wasanni. Ina magana, ina ce mata ta kula da ɗaurin don ya taɓa ɓallewa, hannuna kuwa… hannuna yana aikinsa. Ya buɗe bangon baya. Ya ɗauki hatimi. Ƙwas. Ranar dawowa. Ba mai amfani da hatimin kwanan wata yanzu a ko'ina, na'ura ta kashe shi, ni kaɗai nake juya 'yan lambobin nan kowace safiya kafin in ajiye jaka, don ina son ƙarar. Ban ma ji ƙarar ba ranar. Sai da daddare… a'a, sai washegari, da na ga tawada a gefen yatsana.

Royce ya kai wajen. Ɗaya ta riƙe hannun ɗaya, ta sumbace ta. Shi ke nan fa. Layi biyu. "Ya Ubangiji," in ji wata. "Yesu ka rufa mana asiri." Royce ya ɗaga kai yana kallon Misis Hutto. Jira yake. Buga mana, Verna. Buga.

Ba ta buga ba. Agogo yana tafiya, saura fiye da rabi.

Bai shirya wa wannan ba. Dubi kunnensa, ya yi ja. Iyakar abin da aka nuna masa ke nan, daga nan bai san hanya ba. Ya mayar da ido kan shafin, ya ci gaba, don mutum ba ya tsayawa shiru a gaban jama'a da abin magana a baki. Kar ka ci gaba, Royce. Na san abin da ke biye. Ruwa ya ɗauke, yarinyar ta koma gida, ubanta ya zo ɗaukarta a mota. Tana zaune a gefensa. Yana ba ta labarin wani kare da suka taɓa yi, tana kallon hannunsa a kan sitiyari, tana tunanin wannan hannun ne ya koya mata ɗaure takalmi, tana tunanin ko zai sake taɓa kanta in ya sani…

Muryarsa ta sauka. Ta daina tsantsami. Karatu kawai yake yi yanzu, irin na aji, yatsa a ƙarƙashin layi, kamar lokacin da malama ke tashinsa ya karanta mu yi ta dariya. Mutanen zauren ba su san abin da za su yi da wannan wurin ba, ba inda za a ce Ya Ubangiji.

Ya tsaya a tsakiyar jimla.

Ya rufe.

Numfasa, Nadine. Wataƙila ya zauna. Wataƙila…

A'a. Yana juya shi. Bangon baya. Ya buɗe, ya ɗaga sama yana nuna wa layin gaba, yana nuna wa mai ɗaukar hoton gidan talabijin.

"An ce mana an janye wannan littafin tun Agusta, yana kulle a ɗakin baya. Ga hatimi. A dawo da shi ranar sha tara ga wannan watan. Ɓarawo ba ya buga wa kansa hatimi, jama'a."

Sun yi dariya. Har lauyan ya murmusa kafin ya tuna. Da na shirya cewa ɓata ya yi. Tun daga layi na huɗu, tun da na ga koren nan, nake gina jimlar: littattafai kan ɓata, ranki ya daɗe, ɗakin baya ba ya kulluwa sosai. Ta rushe. Ni na rushe ta da hannuna tun Agusta.

To aikin ya tafi. Bari in ajiye wannan a gefe, in dube shi da kyau: aikin ya tafi. Lasisi wataƙila. Za su ce batsa, za su ce na raba wa yara maɗigo a ɓoye, za a sa hotona, wanda aka ɗauka a bikin karatu ina sanye da hular takarda. Mama za ta ji a coci kafin in isa gida. Abin mamaki, bai yi zafin da na zata ba. Kamar haƙorin da ya daɗe yana girgiɗi. Ba wannan ba ne. Ba wannan nake tsoro ba.

"A motata na tsince shi." Ba hukuma yake kallo ba yanzu. Ya juyo. "Nadine. Ke nake wa magana."

Ba Farfesa ba.

"Mista Tillery, shugaba ake fuskanta, ba a yi wa ma'aikaci tambaya kai tsaye," in ji Misis Hutto, amma a gajiye, tana kallon lauya. Lauya ya ɗaga kafaɗa.

"To ranki ya daɗe, ta bakinki nake tambaya. Yara biyu ne ke shiga a-kori-kurata. 'Yata, da 'yar maƙwabta da nake rage wa hanya. Na san ƙa'idarsu, ba sa faɗin abin da ɗan wani ya karanta, ban ƙi ba. Amma ni uba ne, doka ta ba ni ikon sanin abin da tawa ta ɗauka. In tawa ce, ta faɗa mini a nan, dole ne. In ba tawa ba ce, kar ta ce komai. Ta yi shiru kawai. Na samu amsata."

Joelle.

Bai faɗi sunan ba, ba sai ya faɗa ba, duk zauren ya san wace ce ke zama a bayan motar Royce da safe. Joelle Pruitt, mai aski irin na maza, wadda ke zaune da kakarta a gidan tirela, irin wanda ake ja da mota, can bayan gidan su Royce. Ranar Asabar tana bakin titi tana sayar da dafaffiyar gyaɗa, tana yi wa direbobi tsiya. "Baba, ka sayi biyu mana, cikin nan naka ba na leda ɗaya ba ne." Ba ta taɓa aron labari a wurina ba. Littafin gyaran inji, sau biyu, ta dawo da shi da baƙin mai. An riga an rubuta mata kalmar zagin nan a ƙofar akwatinta na makaranta bara, mai shara ya goge, inuwar tana nan. Ba ta zo yau ba. Me zai kawo ta? Ba ta san ana yanka ta a nan ba. Kakar tana jan iskar asibiti ta hanci, cocin su Royce ne ke kai musu abinci ranar Laraba, cocin ne ya gyara musu matattakala. A wayi gari a ce ita ce ta shigo da abin cikin motar mutumin kirki, kusa da 'yarsa…

Ko akwai wani abu tsakaninta da Kinsey? Ban sani ba. Ban tambaya ba. Ba a tambaya.

"Malama Corliss, ko za ki matso?" in ji Misis Hutto.

Ƙafafuna sun tashi ba su yi shawara da ni ba. Afuwan. Afuwan. Gwiwoyi suna kaucewa, ba wanda ya ɗago. Hanyar tsakiya ta yi tsawo. An yi tsawa can nesa, fitilu sun yi ƙyaf sun dawo.

Yi tunani. Abin da kika iya ke nan, bi shi ɗaya bayan ɗaya. In na ce ni na bayar, ba zan faɗi wa ba — ya ce wannan ma amsa ce. In na ce sai a ofis, mu biyu — uba kaɗai ake kira ofis, kowa ya gane. In na ce na manta? Ni? Matar da ta san wanda bai dawo da littafin kifaye ba tun kafin guguwa? In na ce nawa ne, ni na bar shi… a motar da ban taɓa shiga ba? In na ce ba ɗaya daga cikinsu, wani yaro ne ya jefa ta taga… wane yaro? Sai sun nemo shi. Kullum sai an samu yaro.

Yanzu dole in gan ta, daga nan gaba zauren duka a buɗe yake. Kwalin ya zame ƙasa. Ba ta kuka. Ta dafe kujerar gabanta da hannu biyu, ta ɗan ɗaga daga zaune — kar ki tashi. Kinsey, don girman Allah kar ki tashi. Zauna. Ba ki ga ɗan baffanki ba? Zauna, bari in nemo hanya, akwai hanya, kullum akwai inda abu yake shiga in an yi haƙuri…

Royce ya matsa mini. Warin sabulu da man inji. Ya sauko mini da abin maganar daidai tsayina, da kansa, a hankali, kamar yadda zai riƙe wa mace ƙofa. Littafin yana hannunsa na hagu, ya matse shi a ƙirji. 

Ban taɓa ganin Royce ya riƙe abu haka ba. A kan rufi ma.

Tun da ya juyo bai kalli layin ƙarshe ba. Ko sau ɗaya. Mutumin da ke zargin 'yar maƙwabta ai sai ya nemi idon tasa, ya gyaɗa mata kai, kar ki damu. Ya kalli kowa, ya kalli mai hoto, ya kalli ƙofa ta ɗaya gefen. Wurin nan kaɗai yake kewayewa, kamar mai ciwo a ƙafa yana taka ƙasa.

Ya sani.

Ba yau ba ma… ko yau ɗin, a tsakiyar jimlar nan da ya kasa ƙarasawa? Oho. Ya sani. Ba tambaya ya yi mini ba. Wa ke tsara tambaya haka, yadda amsa mafi sauƙi ita ce kar a buɗe baki? Ƙofa ya gina mini, ya gina wa kansa. Idonsa a kaina, jajaye, ba fushi a ciki ko kaɗan. Roƙo ne. Farfesa, ɗan matsar da hannunki. Yi shiru kawai, in koma gida da 'yata, in ci gaba da zama wanda bai sani ba, kar in sake tuƙa wannan hanyar. Ba sai kin yi ƙarya ba. Ke da ba kya ƙarya. Yarinyar mutane ce kawai, mai gyaɗa, dama an saba faɗa a kanta…

Dakata. Bari in tsara. In fara da cewa ni ce, wannan tabbas. Sannan in ce… sannan…

Wani ya yi tari. Kujera ta yi ƙara. A layi na biyu wata ta karkata ga ta kusa da ita, ta rufe baki da takardar shirin taro, na ga leɓenta ta gefe, na ga sunan da ya fito, Joelle. Ta bayanta ta gyaɗa kai. Yana tafiya layi-layi, ina kallonsa yana tafiya, kamar iska a cikin ciyawa.

Tun yaushe nake tsaye a nan?

Ban ce komai ba. Tunani nake yi. Ban gama ba, jama'a, tunani kawai nake yi, haka nake, ba na magana sai na…

Kafaɗun Royce suna sauka. A hankali. Yana sakin numfashi.

Misis Hutto ta jawo takardarta, ta cire murfin biro.